Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Safiyo

 

'Ya'yanmu da ake yayewa yau, ina taya ku murna. Bari in ɗan yi wa iyayenku bayanin abin da kuka yi shekaru kuna shan rana a kansa. Mai safiyo yana bakin kogi, yana son sanin nisan wata bishiya da ke tsallake. Ba sai ya nemi kwalekwale ba. Zai auna layi mai tsawon mita 100 a gaɓar da yake, ya kafa tiyodolait, wato na'urar auna kusurwa, a kowane ƙarshe, ya saita bishiyar. In kusurwa ɗaya ta ba shi digiri 90, ɗayar 45, to daga inda ya sami 90 ɗin zuwa bishiyar mita 100 ne cif. Gefe ɗaya da kusurwa biyu sun isa a warware alwatika gaba ɗaya. Matuƙin jirgin ruwa ma hakan yake yi: ya ɗauki saitin alamomi biyu na gaɓar teku da kamfas, ya ja layukan a taswira, inda suka gitta nan jirginsa yake.

Sana'ar nan tana da magabata. Kimanin shekara dubu da ta wuce, Albiruni ya hau wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna kusurwa zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa, ya lissafa girman duniya. A 1533 Gemma Frisius ya rubuta yadda za a zana taswirar ƙasa da jerin alwatika. A 1802 William Lambton ya fara awon Indiya daga layi guda kusa da Madras, aka yi ta ɗora alwatika kan alwatika har tsaunukan Himalaya. A 1856 aka bayyana tsayin Everest ƙafa 29,002, alhali ba wanda ya taɓa hawansa. Tsakanin wannan da awon zamani bai fi ƙafa 30 ba. Mu ma a Nijeriya, taswirorinmu sun daɗe suna komawa ga turke guda kusa da Minna, wanda kuka sani da L40.

Yau GPS na hannunku, yana lissafi da nisan taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu. Ku yi aiki da shi, amma kada ku saki tsohon horo. Jimillar kusurwoyin alwatikar fili digiri 180 ce. In lissafinku ya kauce fiye da abin da ƙa'ida ta yarda, ku koma daji ku sake awo, kada ku gyara shi a kan tebur.

'Ya'yana, bayan kowane turken siminti da za ku kafa akwai gonar maraya, ko burtalin makiyayi, ko gadon wani gida. Masu kuɗi za su zo su ce a ɗan matsar da turke. Ku tuna hadisi ya zo da tsinuwa kan mai sauya alamar iyakar ƙasa. Ku rubuta abin da na'ura ta nuna, ku sa hannu kan gaskiya kawai.