Gado Ɗaya, Majinyata Uku: Wa Za A Ba?

Yau maganar gado za mu yi, gadon sashen gashi na asibiti, inda ake kwantar da mutum a sake koya masa tafiya da cin abinci da shiga banɗaki bayan shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin mota.

Mu ƙaddara gado ɗaya ya rage. Ga ɗan acaɓa da lakarsa ta taɓu, ga dattijuwar da ɓarin jikinta ya shanye makon jiya, ga wani mai karaya a ƙafa, shi kuma da takardar wani babba ya zo. Kun san yadda ake yi a ƙasar nan, ko? Mai hanya shi ke shiga.

Alhali likitoci suna da abin awo. Akwai ma'aunin Barthel, tun 1965 ake aiki da shi. Ana duba abubuwa 10, irin su wanka, sa kaya da hawa matakala, a ba da maki daga 0 zuwa 100. Wanda makinsa ya yi sama, zai iya zuwa gashi daga gida. Sannan a duba lokaci: mai shanyewar ɓarin jiki ya fi saurin farfaɗowa a watanni 3 na farko, jinkiri asara ne gare shi.

Amma fa a kula, ƙa'ida ma tana iya yin zalunci. A Amurka, inshorar Medicare tana so majinyaci ya iya jure gashi na awa 3 a rana, kwana 5 a mako. To wanda jikinsa ya fi rauni fa? Shi ake bari a baya. A nan wajenmu kuma sai a haɗa da nisa. Wanda ke zaune kusa da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano zai iya zuwa ya koma gida. Wanda ya taso daga ƙauyen da babu likitan gashi ko ɗaya, in aka sallame shi, shi ke nan.

Don haka abu uku muke nema. A rubuta ƙa'idar a manna a bango, kowa ya gani. Likita da nas da likitan gashi su zauna tare su yanke, ba mutum ɗaya ba. Wanda bai samu ba, a faɗa masa dalili, a koya wa masu jinyarsa motsa jikin da za su riƙa yi masa a gida, a ba shi ranar da za a sake duba shi.

In ɗan'uwanka aka hana gado, ka tambayi dalili cikin ladabi, haƙƙinka ne. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako na gaba.