Me Ya Sa Sammore Ba Ya Kayar Da Shanun N'Dama?

Yau zancen shanu ne, kar ku gudu.

Duk wanda ya taso kusa da ruga ya san sammore: ƙudan tsando ya ciji saniya, jini ya ragu, ta rame, nono ya ɗauke. Allurar rigakafi har yau babu, don ƙwayar cutar wayo gare ta. Kafin garkuwar jiki ta gane ta, ta riga ta sauya riga. Magunguna irin su Berenil ma ta fara bijire musu.

To amma N'Dama, gajeriyar saniya marar tozo daga Futa Jalon a ƙasar Gini, tana kiwo cikin tsando ta rayu. Tana kamuwa fa, sai dai jikinta na danne cutar, jininta ba ya ƙarewa kamar na Bunaji.

A cibiyar ILRI ta Nairobi aka yi mata barbara da Boran, aka bibiyi jikokinsu. Sakamakon 2003 ya nuna ƙwayoyin gadon juriyar suna da yawa, a warwatse. Abin da ya fi burge ni, wasunsu daga Boran suka fito, wadda ake wa kallon rarrauna. Kenan ruwa-biyu na iya fin iyayenta juriya.