Ciwon da Ba Ya Jini

 

Kullum lissafin adashi muke yi. Yau ina so mu taɓa ciwon da ba ya jini. A cikinmu akwai wadda gobara ta cinye wa rumfa, akwai wadda 'yan bindiga suka koro daga ƙauye. Abu ya wuce, amma barci ya gagara. Ƙofa ta buga, gaba ya faɗi. Mace ta daina fitowa kasuwa, zubi ya tsaya, mu kuma mu ce lalaci ne, ko mu ce iskoki ne.

Wallahi ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne. Firgici ne ya zauna a jiki. In ya wuce wata guda bai sassauta ba, a je asibiti. Akwai na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato. Yawanci magana ce maganin: ki zauna da wanda ya karanci abin, ki riƙa warware abin da ya faru kaɗan-kaɗan, har tunawa ta daina girgiza ki. Wata a haɗa mata da ƙwaya. Addu'a kuwa ba a barin ta.

Roƙona biyu ne. Mu ware kuɗin mota daga asusu, mu raka duk wadda za ta je. Sannan abin da 'yar'uwa ta faɗa mana, kada ya kai bakin rijiya.

Allah ya ba mu lafiya.