Ƙurjin Ɓeran Masar: Dalilin Komowarsa da Hanyar Maganinsa ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Ɓeran Masar, duk da sunan da Bahaushe ya laƙaba masa, ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andis ne na Amurka ta Kudu, inda mutanen Peru da maƙwabtansu suka shafe dubban shekaru suna kiwonsa domin nama, kafin 'yan kasuwar Turai su ƙetare teku da shi a ƙarni na 16. A unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, kamar Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, akan iske shi a ɗan keji a bayan gida, yara suna wasa da shi, manya kuwa suna sayar da 'ya'yansa. Waɗannan unguwanni sun bunƙasa ne a kan masaƙu, tun daga buɗe Masaƙar Kaduna a 1957, kuma bayan rufe ta a 2002 gidaje da dama suka koma lallaɓa rayuwa da ƙananan sana'o'i. A irin wannan gida, kuɗin likitan dabbobi abu ne da sai an yi shawara kafin a fitar.

Cutar da ta fi damun masu wannan kiwo ita ce ƙullutun da ke fitowa a ƙarƙashin haɓa ko a gefen wuya. Yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna sitireftokokas ke haddasa shi. Tana zaune a baki da hancin dabbar ba tare da ɓarna ba, sai ranar da karan harawa ko ƙaiƙayi ya soki dasashi, sa'an nan ta sami ƙofa ta gangara cikin kaluluwar wuya ta tara mugunya. Akwai kuma ƙurjin da cizo ke kawowa idan an haɗa maza biyu a keji guda, da wanda ke tasowa daga saiwar haƙori, domin haƙoran wannan dabba ba su daina tsiro har ta mutu.

Abin da ya sa ƙurjin ke komowa ya ta'allaƙa ne da irin mugunyar. Ta ɗan Adam tana da ruwa-ruwa, in an fasa maruru sai ta tsiyaye. Ta ɓeran Masar kuwa kauri gare ta kamar cuku, kuma jiki yakan gina mata wata jaka mai tauri wadda magani ba ya ratsawa sosai. Saboda haka wanda ya huda da allura ya matse, rabin aiki ya yi: bakin ciwon zai rufe cikin 'yan kwanaki, jakar tana nan da ƙwayoyinta, bayan 'yan makonni kuma ta sake cika.

Babban haɗarin da ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su riƙe shi ne na maganin kemis. Al'adar mutane ce, da zarar an ga ƙurji, a aika yaro ya sayo Ampiclox a fasa ƙwanson a zuba wa dabba a ruwa. Ga ɓeran Masar wannan guba ce. Fenisilin da danginsa, irin su amfisilin da amoksisilin, haka kuma eritiromaisin da linkomaisin, suna kashe ƙwayoyi masu amfani da ke narka masa ciyawa a hanji, miyagun su yaɗu su zuba dafi. Sai dabbar ta ƙi abinci, zawo ya kama ta, ta mutu cikin 'yan kwanaki, mai ita kuwa ya ɗora wa ƙurji laifi. Magungunan da likitoci suka fi amincewa da su sun haɗa da Septrin da enrofulokzasin, amma awon yana bin nauyin jiki, kuma dabbar da ba ta cika wuce kilo guda ba, kuskure kaɗan ya ishe ta. Likita ne zai yanka awon.

Hanyar da ta fi sauƙin kuɗi, in an yi lissafi har ƙarshe, ita ce a je wurin likitan dabbobi sau ɗaya tun ƙullutun bai kai girman goro ba. In ya yiwu, ya cire jakar ɗungurungum, wanda shi ne maganin da ya fi hana komowa. In aljihu bai kai nan ba, ya tsaga ta da faɗi, ya kwashe mugunyar, ya bar bakin a buɗe. Sauran aikin na gida ne: a tafasa rabin lita na ruwa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a bari ya huce, a riƙa wanke ramin da sirinji marar allura safe da yamma, a ɓanɓare ɓawon in ya rufe, domin ciwon ya warke daga ciki zuwa waje. Ƙurjin saiwar haƙori ya fi ƙarfin wannan dabara. Irinsa sai babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daɗin daɗawa, ƙwayar tana iya kama mutum, don haka a ware marar lafiya daga sauran, a ƙone audugar da aka goge ciwo da ita, a wanke hannu da sabulu, a kuma hana yara taɓa wurin.

Saura batun abinci, wanda a nan ne rigakafi yake. Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya ƙera bitamin C. A kansa ne masana biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka nuna a 1907 cewa cin hatsi zalla yana kawo cutar zubar jinin dasashi. Dabbar da ake ciyarwa da dusa kaɗai, dasashinta ya yi rauni, ciwonta kuma ba ya saurin warkewa. Tana bukatar abin da bai gaza miligiram 10 ba a kowace rana ga kowane kilo na nauyinta, mai ciki da marar lafiya kuwa fiye da haka. Yankan tattasai, ko ɓarin gwaiba, ko ɗanyen ganyen zogale sun wadatar, kuma duk ana samun su a bayan gida ko a ragowar kayan miya. A ba ta ciyawa mai laushi a kai a kai domin haƙora su goge, a tsince kara mai tsini daga harawa, a raba mazan da ke faɗa, a sauya shimfiɗar keji kafin ta jiƙe.

Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Mai kiwon da ya ƙi biyan likita sau ɗaya yakan biya kemis sau uku, daga bisani ya haƙa rami. Wanda kuwa ya riƙa shafa wuyan dabbobinsa sau ɗaya a mako, ya gano ƙullutu tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, ya tsare dabbarsa da kuɗinsa gaba ɗaya.