Shinkafar da Ta Kwana a Tukunya



Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, yau zan yi magana ne a kan wata halitta wadda ido bai san kimarta ba, wato bakteriya. Ƙwayar halitta ce guda tak, kuma yaɗuwarta shi ne ta rabu gida biyu. Idan ta sami ɗumi da danshi da abinci, wani jinsin yakan rabu duk bayan minti 20. Ku yi lissafi da kanku: ƙwaya ɗaya, cikin sa'a 7, ta haura miliyan 2.

Ba dukkansu ne abokan gaba ba, domin su ne ke mai da madara nono. Haka kuma wadda ke sa miya tsami, sau da yawa ba ita ce ke kwantar da mutum ba. A nan ne uwargida ke ruɗuwa, ta sansana, ta ɗanɗana, ta ce lafiya lau.

Mu ɗauki wadda masana ke kira Basilus seriyus. A ƙasa take zaune, tana biyo hatsi tun daga gona. Idan ta ji wuya sai ta ƙudundune cikin wani ɓawo mai tauri, wanda tafasa ba ta cika kashe shi ba. An sauke shinkafa, an bar ragowa a rufe, tana hucewa sannu a hankali. Sai ƙwayar ta farfaɗo, ta yi ta rabuwa, tana zuba dafi. Wannan dafi kuwa wuta ba ta karya shi. Da safe a yi ɗumame, ƙwayar ta mutu, dafin yana nan. Kafin sa'a 6 sai amai. A Ingila, a 1971, aka fara danganta irin wannan amai da soyayyar shinkafa ta gidajen abinci.

Salmonela, wadda ake samu a ƙwai da naman kaza, halinta dabam ne. Sai ta isa hanji da ranta take kawo zawo da zazzaɓi, wani lokaci bayan kwanaki, shi ya sa mai ciwon yakan ɗora laifi a kan abincin da ya ci na ƙarshe, alhali ba shi ba ne. Ita dahuwa sosai tana gamawa da ita.

Game da shinkafa, a ganina, maganar ta lokaci ce. A baza ragowar a faranti ta huce da wuri, a sa ta a firiji. Inda babu lantarki kuwa, a auna abin da za a cinye a zama ɗaya.