Wahalar Waya da Intanet a Tremont, da Haƙƙin da Muke Barin Sa a Ƙasa

Takarda da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na Hausawa mazauna Bronx, New York



An nemi in yi magana a kan abin da kowa a ɗakin nan ya sha fama da shi: wayar gida da intanet, kamfanonin da ke sayar mana da su, da kiran da muke yi zuwa gida ta intanet. Mutumin Kumasi ne kai, ko na Maraɗi, ko na Kano, muddin kana zaune tsakanin titin East Tremont da Burnside ka san yadda hirarmu da gida take farawa: "Kina ji na? Hajiya, muryarki tana yankewa. Bari in sake kira." Abin da nake so in kafa a wannan takarda shi ne, yawancin wannan wahala ba haka kawai ta faɗo ba. Akwai alkawuran da aka saɓa, akwai dokokin da aka yi dominmu, kuma mun fi kowa sakaci wajen neman abin da dokar ta ba mu.

Alkawarin 2008

A shekarar 2008 birnin New York ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Verizon cewa zai kai wayarsa ta gilashi, wadda yake kira Fios, ga kowane gida a gundumomi biyar na birnin kafin ƙarshen watan Yunin 2014. Wa'adi ya cika, aiki bai kammala ba. A 2015 binciken da birnin ya gudanar ya ce kamfanin ya gaza, a watan Maris na 2017 kuma gwamnatin magajin gari Bill de Blasio ta maka shi a kotu, tana cewa kusan gidaje miliyan ɗaya ba su da halin samun layin. Kamfanin ya kare kansa da cewa ya shimfiɗa waya a tituna, masu gidajen haya ne suka hana shi shiga. Sai a watan Nuwamban 2020 aka sasanta, ya amince zai ƙara haɗa gidaje 500,000, a fara da unguwannin da aka bari a baya.

Shekara goma sha biyu ke nan daga alkawari zuwa sulhu. Yaron da aka haifa ranar da aka sa hannu ya shiga makarantar gaba da firamare kafin a daidaita maganar, kuma yana cikinta ne a shekarar korona, lokacin da aka mayar da karatu gida ta kwamfuta. Da yawanmu mun ga yara uku ko huɗu a ɗaki ɗaya suna rabon layi ɗaya, malama tana magana hoto ya daskare. Mun ga waɗanda suka riƙa tsayawa a jikin akwatunan LinkNYC na bakin titi cikin sanyi don su samu wayifai su aika aikin makaranta.

Me ya sa rashin layin kamfani guda ya zama babbar magana? Saboda a Bronx kamfanin kebul da ke ko'ina ɗaya ne, wato Optimum, wanda a da na Cablevision ne kafin Altice ya saye shi a 2016. Ginin da wayar gilashi ba ta shiga ba, mazaunansa ba su da zaɓi na ƙwarai. Wanda ya san ba ka da wurin zuwa, ba ya gaggawar gyara maka, ba ya kuma jin kunyar ƙara maka kuɗi. A watan Fabrairun 2022 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta haramta wasu yarjejeniyoyin rabon riba tsakanin masu gidajen haya da kamfanoni, waɗanda ke toshe ƙofa ga wani kamfanin. Amma dokar ba ta san gininku ba sai wani daga ciki ya yi magana.

Takardar biyan kuɗi

A nan ne zan ɗan daɗe, domin a nan ake cin mu a hankali. Kun san yadda abin yake. Wani saurayi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko ya tare ka a shago, ya ce akwai garaɓasa: intanet da talabijin da wayar gida a haɗe, farashi mai sauƙi. Ka sa hannu. Wata goma sha biyu suna cika, sai bil ya zo ya yi tsalle. Ka duba ƙasan takardar, ga kuɗin hayar akwatin intanet, ga kuɗin tashoshin wasanni da ba ka kallo, ga wasu ƙananan kuɗaɗe masu dogon suna. Ka kira lambar kamfani, na'ura ta ce ka danna ɗaya don Turanci, biyu don Sifaniyanci. Ka jira har ruwan shayi ya huce, wanda ya ɗauka ya tura ka ga wani, wancan ya tura ka ga wani, layi ya yanke.

Direban tasi da ya kwana yana tuƙi, ko mai kula da tsofaffi da ke fita tun asuba, ba shi da sa'a biyu da zai ba wannan. Sai ya biya. In ma'aikacin gyara zai zo, a ce maka ka zauna a gida daga safe zuwa azahar, ka rasa kuɗin yini, wani lokaci ya zo ya ce ɗakin wayoyi na ƙasan bene a kulle yake, sai an nemo supa, mai kula da ginin. Na taɓa zama da wata dattijuwa maƙwabciyata muka bi takardunta na wata shida ɗaya bayan ɗaya, muka tarar tana biyan hayar akwati biyu alhali ɗaya ne a gidan, ɗayan an mayar tun da daɗewa. Ba ta riƙe rasit ɗin mayarwa ba. Wannan ƙaramar takarda ita ce shaidar da babu ita kamfani ba ya saurare.

Tun daga watan Afrilun 2024 hukumar FCC ta wajabta wa manyan kamfanoni su nuna wata takardar bayani a fili kafin ka saya, mai ɗauke da ainihin farashin wata, tsawon lokacin garaɓasa, farashin bayanta, sauran kuɗaɗe da kuma gudun layin. Ku nemi a nuna muku ita, ku ɗauki hotonta da waya kafin ku sa hannu.

Sai maganar tallafi. Shirin gwamnatin tarayya da ke rage dala 30 a wata ga masu ƙaramin ƙarfi, wanda gidaje sama da miliyan 23 suka shiga, ya tsaya a farkon Yunin 2024 saboda majalisa ba ta ƙara masa kuɗi ba. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan. To jihar New York tana da dokarta da aka zartar a 2021. Kamfanoni suka kai ƙara aka dakatar da ita, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a Afrilun 2024, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar a Disamba, ta fara aiki ranar 15 ga Janairun 2025. Dokar ta ce manyan kamfanoni su sayar wa gidan da ya cancanta intanet a kan dala 15 a wata, ko dala 20 ga layi mai gudun megabit 200, har da haraji da hayar akwati. Gidan da ke karɓar tallafin abinci na SNAP ko inshorar lafiya ta Medicaid, ko yake da yaro mai cin abincin makaranta kyauta ko da rangwame, yana cikin waɗanda aka nufa. Mazauna yawancin gidajen gwamnati na hukumar NYCHA kuma suna da shirin Big Apple Connect tun 2022, intanet kyauta. Ina da yaƙinin a cikin ɗakin nan akwai masu biyan ninki huɗu na abin da doka ta yanka musu, don kawai babu wanda ya faɗa musu da harshen da suke ji.

Wayar gida ba irin ta da ba ce

Tsohuwar wayar jan ƙarfe tana samun wutarta ne daga ofishin kamfani, shi ya sa ko an ɗauke wuta tana aiki. Wayar gidan da ake haɗa mana yanzu ta cikin akwatin intanet take bi. Wutar gida ta ɗauke, ita ma ta mutu, sai in akwai batir. A 2015 FCC ta umarci kamfanoni su riƙa tayin batirin da zai riƙe layi sa'a 8, daga 2019 kuma har da na sa'a 24, amma wa'adin wannan umarni ya ƙare a 2025. Tayi aka ce, ba kyauta ba, kuma mai tallan ba kasafai yake ambata ba.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Lambar intanet da ake iya tafiya da ita duk inda aka koma, idan aka kira lambar gaggawa ta 911 da ita, adireshin da ka rubuta wa kamfani shi ne zai bayyana ga mai amsa kira. Ka tashi daga Tremont ka koma Parkchester ba ka sauya ba, motar asibiti tana iya zuwa tsohon gidanka. WhatsApp kuwa ba ya kiran 911 sam. Unguwar da ta ga gobarar Twin Parks a titi na 181 ranar 9 ga Janairun 2022, inda rayuka 17 suka salwanta, yawancinsu 'yan'uwanmu 'yan Gambiya, Allah ya jiƙansu, ba ta bukatar a tuna mata darajar minti ɗaya. Duk gidan da ke da tsoho ko mara lafiya da ke wuni shi kaɗai, a tabbata akwai wayar da za ta fita ko babu wuta, kuma ya san yadda zai danna ta.

Kiran gida

Manyanmu suna tuna zamanin kati: ka saya a shagon kwana, ka kankare bayansa da kwabo, ka danna dogayen lambobi, murya ta ce kana da minti sittin, kafin ku gama gaisuwa da tambayar lafiyar yara ta ce saura minti ɗaya. Ba zato muke yi ba, cuta ce. A watan Oktoban 2015 FCC ta ci tarar kamfanonin kati shida jimillar dala miliyan 30 saboda yaudarar baƙi da mintunan ƙarya. Da WhatsApp ya kawo kiran murya a 2015, ya ƙara na bidiyo a 2016, mun samu sauƙi mai yawa, kuma dole a faɗi haka. Skype, wanda wasu suka dogara da shi wajen kiran lambobin gida kai tsaye, Microsoft ya rufe shi a watan Mayun 2025.

Kiran intanet yana yayyanka murya ne ƙanana-ƙanana, ya aika kowane yanki, a sake haɗa su a can. In wasu suka makara ko suka ɓace a hanya, sai ka ji magana tana tsinkewa, ko ku riƙa haɗa baki kuna yi wa juna shiru a lokaci guda. Matsalar tana iya kasancewa a ɗakinka, domin tsofaffin benayen Tremont katangunsu masu kauri ne, kuma akwatunan maƙwabta da yawa suna cunkushe a tasha ɗaya. Matsar da akwati daga bayan talabijin zuwa fili kan gyara abu da yawa.

Sau da yawa kuma daga can ne. Ranar 14 ga Maris na 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya durƙushe a Gana da Najeriya da maƙwabtansu. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Masu dangi a can sun yi makonni ba su ji muryar kowa ba. A Nijar an katse intanet na wayar hannu bayan zaɓen Fabrairun 2021. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wa ke sayen datar da Hajiya take amsa kiranka da ita? Kai ne. Mu masu biyan kuɗin layi ne a ƙasa biyu, kuma a ko'ina ba a jin ta bakinmu.

Abin da nake roƙo

Kokenmu a ƙofar masallaci bayan Juma'a yake ƙarewa. Wanda ke can ba shi da ikon rage maka ko sisi. Amma ƙarar da aka shigar wa FCC ta shafinta kyauta ce, kuma dole kamfani ya ba da amsa a rubuce cikin kwana 30. Hukumar kula da ayyukan jama'a ta jihar New York tana karɓar koke a kan wayar gida da talabijin na kebul. Lambar 311 ta birni tana haɗa mutum da tafinta. Na san wasu suna ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi rubuta suna a takardar hukuma, kuma ba na raina wannan tsoro. Shi ya sa nake ganin aikin na ƙungiyoyinmu ne, ba na mutum ɗaya ba.

Ina roƙon shugabannin masallatai da ƙungiyoyin garuruwa su ware rana ɗaya a wata, a ajiye tebur, a zaunar da matasanmu da suka yi karatu a nan, kowa ya zo da bil ɗinsa. A duba wa ya cancanci layin dala 15, a cike masa takarda a wurin. A duba adireshin 911 na kowace lamba. Inda gini guda ke fama da matsala ɗaya, a rubuta koke ɗaya kowa ya sa hannu, a kai kwafinsa ofishin ɗan majalisar birni da hukumar unguwa. Iyayenmu mata, ku fara tattara takardun wata shida da suka wuce tun daga yau, ku zo da su zama na farko.