Idan Laftof Ta Kasa Ganin Ma'ajiyarta



Ana cikin sake ɗora Windows, sai laftof ta nuna babu ma'ajiya. Sau da yawa ma'ajiyar lafiyarta ƙalau. Manhajar da ke gane ta ce babu.

Da farko a shiga BIOS. Idan sunan ma'ajiyar ya fito can, matsalar ta manhaja ce. Sababbin na'urorin Intel sukan ɓoye ta a ƙarƙashin tsarin VMD. Sai a sauko da direban Intel Rapid Storage cikin filashi, a loda shi lokacin ɗorawa, ko a kashe VMD ɗin.

Idan kuwa BIOS ma bai gan ta ba, a buɗe laftof ɗin a duba zaman ma'ajiyar, don takan goce. In ta zauna daram amma shiru, galibi ta lalace, sai sabuwa.